Hangen Dala ba shiga birni ba: Tsakanin takardar gurbin karatu da bizar ɗalibi

A kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Agusta, akwai irin labarin da ke zagaya ofisoshin Sakatariyar Tarayya da harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja: ɗan wane ya samu gurbin karatu a Ingila, 'yar wance za ta Kanada. Akan nuna saƙon jami'a a fuskar waya, abokan aiki su yi ta barka da arziki, wani ma har ya tambayi ranar tafiya. Labarin da ba a cika ji ba shi ne na waɗanda Satumba ta zo ta wuce suna gida, bayan an sayar da fili a Kuje ko Gwagwalada, an ci rance daga ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, an kuma tura wa jami'a kafin alƙalami. Irin wannan labari a ɗaki ake yin sa, murya ƙasa-ƙasa.

Sau da yawa matsalar ba daga ƙwazon ɗalibi take ba. Jami'a ce ke ba da gurbi, gwamnatin ƙasar ce ke ba da izinin shiga, kuma ma'aunin kowannensu daban. Jami'a na duba sakamakon jarrabawa, ita kuwa hukumar shige da fice tana duba kuɗi: nawa ne, na wa ne, a ina yake ajiye, tun yaushe. Daga Janairun 2024 zuwa yau, Birtaniya da Kanada da Amurka duk sun sauya sharuɗɗansu, wasu ma fiye da sau ɗaya, a daidai lokacin da darajar naira ta zube. Shawarar da wani abokin aiki ya bayar bisa abin da ya gani lokacin tafiyar ɗansa a 2021, ko da kyakkyawar niyya ya bayar da ita, tana iya zama sanadin asarar miliyoyi.

Kwana 28

Birtaniya ce ta fi jan ɗaliban Najeriya, kuma dokarta ce ta fi fito da lissafi fili. Mai neman bizar ɗalibi tilas ne ya nuna cewa yana da ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, gami da kuɗin zama na wata tara. Daga 11 ga Nuwamban 2025, kuɗin zaman fam 1,529 ne a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,171 kuma ga wanda ke wajenta. A wata tara, na Landan ya kama fam 13,761, na sauran garuruwa fam 10,539. Wannan shi ne ƙari na biyu a shekara guda, domin a Janairun 2025 ɗin an riga an ɗaga shi daga fam 1,334 da fam 1,023 da aka saba da su.

A ɗauki misalin mataimakin darakta da 'yarsa ta samu gurbin digiri na biyu a wani gari da ke arewacin Ingila, a ƙaddara kuɗin makaranta fam 16,000 ne, ya kuma biya fam 4,000 kafin alƙalami. Abin da zai nuna a asusu shi ne ragowar fam 12,000 da fam 10,539 na zama, jimla fam 22,539. Idan aka sa fam a naira 2,000 don sauƙin lissafi, kuɗin ya haura naira miliyan 45. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a Yulin 2024, sai ya yi shekara 53 da ɗoriya bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara wannan. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati.

Wannan duka na nuni ne, ban da wanda za a kashe nan take. Kuɗin neman biza ya koma fam 524 a Afrilun 2025. Harajin kula da lafiya, wanda ke ba ɗalibi damar ganin likita a asibitocin gwamnatin ƙasar, fam 776 ne a shekara tun Fabrairun 2024, bayan da aka ɗaga shi daga fam 470. Ana lissafa shi ne da tsawon biza ba da tsawon kwas ba, saboda haka mai digiri na biyu na shekara guda yakan biya na shekara ɗaya da rabi, wato fam 1,164, kuma a dunƙule tun kafin a duba takardunsa. Idan aka hana shi biza ana mayar masa da harajin lafiyar, kuɗin neman bizar kuwa ya tafi ke nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sharaɗin lokaci. Dole kuɗin ya zauna a asusu kwana 28 a jere, kuma rana ta ƙarshe a takardar banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da aka shigar da buƙata. Idan a cikin kwanakin nan adadin ya sauka ƙasa da abin da ake nema, ko na yini guda ne, ko da 'yan kuɗin da banki ke cirewa na saƙon waya ne, lissafi ya koma farko. Uban da ya ciro naira dubu ɗari biyar ranar Juma'a don wata hidimar gida ya mayar ranar Litinin bai ga ya yi wani abu ba, amma a idon jami'in biza kuɗin bai kwana 28 ba.

Akwai kuma tarko na biyu da ya fi shafar 'yan Najeriya. Jami'in yana mayar da naira zuwa fam ne da farashin shafin OANDA na ranar da aka shigar da buƙata, ba na ranar da aka zuba kuɗin ba. Wanda ya ajiye daidai wa daida, naira kuma ta ɗan sauka a cikin watan, zai tarar kuɗinsa ya gaza alhali bai taɓa shi ba. Dalili ke nan da masu lura suke ɗora wani abu a kai, ko su ajiye kuɗin a asusun fam ko dala a bankin cikin gida. Wannan na biyun ya fi dacewa da ma'aikacin gwamnati, tunda ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata ta hana masu riƙe da muƙaman gwamnati mallakar asusu a bankin wata ƙasa, ba ta kuwa hana ajiye kuɗin waje a bankin Najeriya ba.

Asusun wa?

A al'adar gida, yaro na kowa ne. Baffa na biya wa ɗan ƙanensa makaranta, yaya na ɗaukar nauyin ƙannensa, maigida na tsaya wa ɗan hadiminsa, ba wanda ke ganin baƙon abu a ciki. Dokar Birtaniya ba ta san wannan zumunci ba. Asusun da take karɓa shi ne na ɗalibin kansa, ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko na wanda kotu ta ba riƙonsa, ko na abokin aure idan tare suke nema. Asusun kawu, na suruki, na kamfanin iyali, ko na sanatan da uban yaro ke yi wa aiki, duk ba su shiga ba, komai yawan abin da ke ciki. Mai son taimakawa sai ya tura kuɗin asusun ɗalibi ko na iyayensa da wuri, a fara ƙirga kwana 28 daga nan. Hannun jari, takardar fili, gida a Gwarimpa da kuɗin fansho da ba a iya cirewa nan take, su ma ba sa cikin lissafi.

Idan da asusun iyaye za a nema, sai an haɗa da wasiƙar amincewarsu da takardar haihuwa mai ɗauke da sunayensu. A nan ne wata tsohuwar matsala ke tasowa. Gidaje da yawa takardar rantsuwa ta kotu suka dogara da ita a madadin takardar haihuwa, alhali jami'an Birtaniya ba sa ɗaukar rantsuwa a matsayin shaidar dangantaka, domin a wurinsu abin da ta tabbatar kawai shi ne wani ya rantse. Takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce ke magana. Sai kuma batun suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a sakamakon WAEC, Muh'd a asusun banki, ko sunan gari da uba ya ɗauka a makarantar kwana, wanda bai bayyana a takardar haihuwar ɗansa ba. Gyaran irin wannan yana bi ta lambar NIN kafin ya kai ga fasfo, yana cin makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kansa fasfon, daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000.

Ya kamata a faɗi wata magana ƙarara, domin masu aiki kusa da manya sun saba da ƙofofin da ke buɗewa da kati ko kiran waya. Wasiƙa mai tambarin ofishin minista ba ta ƙara wa buƙatar ɗalibi nauyin komai. Takardar diflomasiyya da Ma'aikatar Harkokin Waje ke rubutawa ta tafiyar aikin gwamnati ce, ba ta karatun 'ya'ya ba. Cibiyoyin VFS Global da ke karɓar masu nema a Abuja da Legas tun ƙarshen 2024 hoton yatsu da na fuska kawai suke ɗauka. Hukunci na hannun ma'aikatan Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya, waɗanda mai nema ba ya ko ganinsu, sai fa idan an kira shi ganawa ta bidiyo don a gwada ko da gaske karatu zai je. Duk dillalin da ya ce yana da mutum a ciki, kuɗi yake nema.

Akwai dillalan da ke ba da hayar kuɗi, su zuba miliyoyi a asusu na wata guda su karɓi ladansu su kwashe abinsu, akwai kuma waɗanda ke ƙirƙirar takardar banki ɗungurungum. Jami'an biza suna da ikon tuntuɓar banki su tabbatar. Takardar bogi na jawo haramcin shiga ƙasar har na shekara goma, kuma sunan ɗalibi ne ke ɓaci, ko da bai san abin da dillali ya cusa a takardunsa ba. Kuɗin hayar kuwa, ko ya tsallake ido, yana jefa yaro a ƙasar da ba shi da kowa, babu abin biyan makaranta, babu na haya.

Takardu na da jerin gwanonsu

Ba a neman biza sai jami'a ta ba da lambar da ake kira CAS, wadda ke tabbatar da cewa ta ɗauki nauyin ɗalibin a gaban hukuma. Lambar na aiki wata shida, kuma sau ɗaya ake amfani da ita; idan aka hana biza sai an roƙi sabuwa, jami'a kuma na iya ƙi. Tana da dalilinta. Hukuma na auna kowace jami'a da yawan ɗalibanta da aka hana biza, iyakar da aka daɗe da ita kashi 10 cikin ɗari ce, takardar manufofin shige da fice ta Mayun 2025 kuma ta kawo shawarar rage ta zuwa kashi 5. Jami'ar da ke tsoron rasa lasisinta ita ce ke neman kafin alƙalami mai kauri, ta duba takardar banki da kanta, ta yi wa ɗalibi tambayoyi kafin ta saki lambar.

Kafin nan akwai gwajin tarin fuka, wanda ake yi a cibiyoyin da Birtaniya ta amince da su kaɗai, irin na Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, da ke Abuja da Legas. Takardar na aiki wata shida. Idan hoton ƙirji ya nuna alamar shakku sai a koma gwajin majina, wanda sakamakonsa kan ɗauki kimanin wata biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya cinye zangon Satumba ga wanda ya bari sai Agusta. Masu karatun gaba da digiri na farko a wasu fannonin injiniyanci da kimiyya suna buƙatar wata takardar tantancewa mai suna ATAS, ita ma makonni take ci. Game da Turanci, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa shaida, sai dai an bar wa jami'o'i ikon auna ɗaliban digiri da kansu, da yawansu kuma suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC. Ana iya shigar da buƙata wata shida kafin fara karatu, amsa kan fito cikin mako uku, kuma tun 15 ga Yulin 2025 ba a manna wa ɗalibi sitika a fasfo. Bizar tana zaune ne a asusunsa na intanet, wanda ke haɗe da lambar fasfonsa.

Darasin Teesside

Samun biza ba ya rufe lissafi. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Rangwamen da iyaye ke samu ta hanyar Form A, wanda ke ba su damar biyan kuɗin makaranta da farashin banki maimakon na 'yan canji, ya zama tarihi. Iyalan da suka nuna cikakken kuɗi da gaskiya a lokacin neman biza sun wayi gari abin da ke asusunsu bai kai rabin bashin da ke kansu ba.

A Mayun 2024 BBC ta ba da labarin wasu ɗaliban Najeriya, kimanin 60, a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, waɗanda suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. An rufe wa wasunsu shafin karatu, an kai sunayensu ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wasu kuma suka samu wasiƙar su bar ƙasar, har da waɗanda suka kusa kammalawa. Ɗaliban sun ce sauya tsarin biya daga kashi bakwai zuwa uku ya ƙara musu nauyi. Jami'ar ta ce sharuɗɗan biza ne suka ɗaure mata hannu. Sai da Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙasashen Waje, ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, ta shiga tsakani.

Abin da lamarin ya fito da shi shi ne yadda bizar ɗalibi ke rataye a wuyan jami'a. Da zarar ta janye ɗaukar nauyi, saboda bashi ko rashin zuwa aji, hukuma kan taƙaita izinin zama zuwa kwana 60. Masu cewa yaro zai yi aiki ya biya wa kansa su san cewa awa 20 a mako doka ta yarda masa a lokacin zango, an kuma hana shi sana'ar kansa. Awa 20 na iya riƙe haya da abinci idan an yi tattali, ba za ta biya fam 12,000 na makaranta ba. Bizar zama bayan kammalawa, wadda mutane da yawa ke lissafin mayar da kuɗinsu da ita, za ta ragu daga shekara biyu zuwa wata 18 ga masu nema daga 1 ga Janairun 2027, ban da masu digirin digirgir da aka bar musu shekara uku.

Idan ma'aikacin ne da kansa zai tafi

A 2022 an ba iyalan ɗaliban Najeriya biza sama da 60,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa, har ya zarce na ɗaliban kansu. Wannan na cikin abin da ya sa gwamnatin Rishi Sunak ta rufe ƙofar. Daga 1 ga Janairun 2024, mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata ko 'ya'ya. Rukuni biyu aka bari: masu karatun bincike irin na digirin digirgir, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas da ya wuce wata shida.

Wannan rukuni na biyu ya shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye, amma a nan ma ana ruɗewa. Hutun ƙaro ilimi da albashi ba shi ne ɗaukar nauyi ba. Abin da ake nema wasiƙa ce daga hukumar gwamnati da ke bayyana cewa ita ce mai biyan kuɗin karatun, nawa za ta biya, har zuwa yaushe. Duk abin da wasiƙar ba ta ambata ba, ɗalibi ne zai nuna shi daga aljihunsa. Ko an cika wannan, kowane mutum ɗaya daga iyali yana da nasa kuɗin zama, fam 680 a wata a wajen Landan ko fam 845 a cikinta har wata tara, da nasa kuɗin biza da harajin lafiya. Dokar mace ɗaya ta sani, kuma yaro ba ya samun biza sai iyayensa biyu suna tafiya ko suna can, sai dai idan ɗayansu ne kaɗai ke da alhakin riƙonsa. Mai iyali fiye da ɗaya ya kamata ya san wannan tun kafin ya yi wa kowa alkawari.

Hanyoyin ɗaukar nauyin ma sun ƙuntata. Asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga Janairun 2025, bisa dalilin tsada da yawan waɗanda ba sa dawowa. A cikin 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da tallafin BEA, wanda ke kai ɗalibai ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya da Hangari, bayan dogon kukan ɗalibai kan alawus ɗin da ba ya zuwa. Rancen NELFUND kuwa na makarantun gwamnati ne na cikin gida.

Sai kuma ɓangaren ofis. Biza ba ta ba ma'aikaci izinin barin teburinsa. Takardar amincewa da hutun karatu ce ke ba shi, tare da yarjejeniyar dawowa ya yi aiki. Wanda ya tafi yana jiran amincewar ta biyo shi, a ƙa'idar aikin gwamnati ya ƙaurace wa aiki ne, hukuncinsa kuma na iya kaiwa ga kora. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cewa ma'aikatan da suka koma ƙasashen waje suna ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, a kuma hukunta shugabannin da suka rufa musu asiri.

Amurka, Kanada, da sauransu

A zangon 2023/2024 ɗaliban Najeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka, adadin da ya sa ƙasar ta zo ta bakwai a duniya. Hanyar da suka bi sananniya ce: takardar I-20 daga jami'a, dala 350 na rajistar SEVIS, dala 185 na neman biza, sannan ganawa ido da ido a ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishin Legas, inda cikin 'yan mintuna ɗalibi zai gamsar da jami'i cewa zai dawo gida. A Yunin 2025 aka ƙara sharaɗin buɗe shafukan sada zumunta don a duba. A 8 ga Yulin 2025 aka mayar da mafi yawan bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin wata uku. Sannan a 16 ga Disamban 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan sanarwar da ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su wasu nau'o'in biza daga 1 ga Janairun 2026, har da na ɗalibai, wato F da M da J.

Sanarwar ba ta soke bizar da aka riga aka bayar ba, kuma ɗalibin da ke can yana nan bisa doka muddin takardarsa ta I-20 na aiki, domin biza a tsarin Amurka ta shiga ce kawai, ba ta zama ba. Sai dai idan aka haɗa matakan biyu, ma'anarsu ga iyaye mai nauyi ce: yaron da ya shiga da biza ta sau ɗaya, idan ya zo gida hutun Sallah ko bikin 'yar'uwarsa, sai da sabuwar biza zai koma.

Kanada ta sa iyaka kan yawan izinin karatu a Janairun 2024, ta kuma ɗaga kuɗin zama da ake nunawa daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, sannan zuwa 22,895 daga 1 ga Satumban 2025, ban da kuɗin makaranta na shekarar farko da na jirgi. Mafi yawan masu neman digiri na farko suna buƙatar takardar shaida daga lardin da makarantar take. Hanyar gaggawa da aka ware wa ɗaliban Najeriya an rufe ta ranar 8 ga Nuwamban 2024. Jamus nata salon daban: ana kulle yuro 11,904 a wani asusu na musamman, a riƙa sakar wa ɗalibi yuro 992 kowane wata. Tsari ne mai tsauri a farko, amma ko ba komai faɗuwar naira ba ta taɓa kuɗin da aka riga aka kulle.

Ranar dawowa

Tsadar waɗannan ƙasashe ta sa iyalai da yawa sun juya zuwa maƙwabta, inda yarjejeniyar ECOWAS ta sa ba a buƙatar biza, ko zuwa Masar, Malesiya, Indiya da Turkiyya. Sauƙin shiga ba ya tabbatar da ingancin takardar da za a dawo da ita. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, a Janairun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. Hukuncin ya faɗa har kan waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance digirin waje, kuma tambayarta matsayin makaranta kafin a biya kuɗi aikin yini guda ne ga mai aiki a Sakatariya.

Tun bayan wannan badaƙala, shaidar cewa ɗalibi ya zauna a ƙasar da ya ce ya yi karatu ta ƙara daraja. Hukumar NYSC na neman wanda ya yi karatu a waje ya gabatar da fasfon da ya tafi da shi, mai nuna bizar shiga, da hatimin ranar fita daga Najeriya da na dawowa, da izinin zama. Yaron da ya tafi digiri na shekara huɗu da fasfo mai wa'adin shekara biyar zai iya sabunta shi a can, tsohon kuma shi ne mai ɗauke da hatiman farko, don haka a adana shi. Wanda kuma bizarsa ta intanet ce, babu sitika a fasfo, ya buga saƙon amincewa da shafin izinin zamansa a takarda tun yana can, ya haɗa da tikitin tafiyar farko, ya sa su a jakar da aka ajiye takardar haihuwarsa.